Furen Antiyok da Rairayin da Aka Kwashe

Jama'a, bari in ba ku labarin wani farin fure, furen Antiyok. Yana da kunnuwa huɗu faffaɗa, tsakiyarsa rawaya. Da rana a rufe yake, sai la'asar ta yi sakaliya ya buɗe, ya kwana a buɗe, washegari rana na ɗagawa ya fara yanƙwanewa, launinsa ya koma ruwan hoda. Masana tsirrai suna kiransa Oenothera deltoides howellii. Asalinsa wuri ɗaya ne a duniya: tuddan rairayi da ke bakin kogin San Wakin, kusa da garin Antiyok a jihar Kalifoniya ta Amurka.

A da, tuddan nan manya ne, wasu sun haura ƙafa 100. Ruwa ne ya ɗebo rairayin daga duwatsun Siyera Nebada cikin dubban shekaru, iska kuma ta tara shi a bakin kogi. Kullum iska na kwasa daga nan ta zube can, kuma a cikin wannan kai-komon furen ya saba rayuwa.

To ina rairayin ya tafi? A 1906 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka rusa birnin San Faransisko. Da aka tashi sake gini aka buƙaci bulo mai ɗimbin yawa, rairayin Antiyok kuwa na da kyau ga shi kusa. Aka dinga kwasa, kuma ba a daina ba har bayan shekaru da dama. Masana'antu suka kafu a gefen kogin. Abin da ya rage yau eka 55 ne kacal, shi ma kashi biyu, da masana'anta a tsakaninsu.

A 1978 gwamnatin Amurka ta sa furen cikin jerin tsirran da ke gab da ƙarewa. A 1979 hotonsa ya fito a kan tambarin gidan waya. A 1980 aka keɓe filin ya zama gandun kariya na ƙasa, shi ne na farko a Amurka da aka kafa domin tsirrai da ƙwari. Tare da furen akwai wani rawayan fure da shi ma ke cikin haɗari, da wani ƙaramin malam-buɗe-littafi wanda tsutsarsa ganyen tsiro ɗaya tak take ci.

Da farko a buɗe wurin yake ga kowa. Sai a 1985 wani ƙaton kifin teku da aka yi wa laƙabi da Humphrey ya ɓace hanya ya shigo kogunan yankin, mutane suka yi cincirindo a bakin ruwa don kallo, suka tattake tsirran. Bayan haka aka rufe gandun, ba a shiga sai da ɗan rakiya.

Nan ne gizo ke saƙar. Mutum zai ɗauka tunda an zagaye fili da waya an hana kowa shiga, magana ta ƙare. Ina! Shinge ya tare ƙafar mutane, amma bai dawo da rairayi ba. Tudun da aka ƙwaƙule ya koma ƙasa mai tauri, iska ba ta da abin da za ta motsa. Da ƙasa ta tsaya cik, sai baƙin ciyayi da suka shigo daga Turai suka samu wurin zama. Suna fitowa da wuri, su shanye laima, su yi wa ƙasa inuwa. Idan sun bushe gawarsu ta kwanta kamar tabarma, irin furen ya faɗi a kai ya kasa taɓa rairayi, wanda ya tsiro kuma bai ga rana ba. Hayaƙin motoci da na tashoshin wutar lantarki na kusa yana sauke sinadarin naitirojin a ƙasa, ya zama taki ga ciyayin. Furen kuwa ya saba da ƙasa marar taki, ƙarfinsa ke nan, don a can babu mai gasa da shi. Abin da manomi zai kira ƙasa mai albarka, shi ke kashe wannan tsiro.

Saboda haka masu kula da gandun suka gane cewa aikin iska ya dawo wuyansu. Tun daga 2013, Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta Amurka ta haɗa kai da tashar jiragen ruwa ta Sitokton. Dama ana yashe kogin don manyan jirage su wuce, kuma sai an nemi inda za a zubar da abin da aka yaso. Yanzu ana turo shi ta bututu, ruwa da rairayi a gauraye, a malala a cikin gandun, ruwan ya tsane, a tara sabon tudu. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a duk labarin, domin ta kama ciwon daga tushe. A kan sabon rairayin furen ya yi ta tsirowa.

Sauran aikin na hannu ne, kuma babu ranar gamawa. Ma'aikata da 'yan sa-kai suna durƙusawa su tuge ciyawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada su taɓa saiwar ƙananan tsirrai. Suna tattara iri idan ya nuna, a rene shi a gidan renon tsirrai, a dawo a dasa. Kowace shekara suna bin filin layi-layi suna ƙirga tsirran. Sabon tudun ma ba ya daɗewa a tsaftace, domin iska da tsuntsaye na kawo irin ciyawa, bayan 'yan shekaru sai a sake cira, a sake jiran lokacin yashe kogi a ƙaro rairayi.