Kwamitin Shaye-shaye a Ƙaramar Hukuma: Wa Zai Zauna, Wa Zai Saurara?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa wata shawara da ba a rasa jin ta duk inda aka zauna taro kan shaye-shaye, wato kowace ƙaramar hukuma ta tara mutanen gari masu aikin sa-kai, su riƙa ba ciyaman da kansiloli shawara kan yadda za a ɓullo wa masu sha da masu sayarwa. Shugaban hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, tun da ya kama aiki a watan Janairun 2021 yake nanata irin wannan kira. Shirin WADA na yaƙi da shaye-shaye ma da aka ƙaddamar a watan Yunin 2021, manufarsa ke nan: yaƙin ya sauko daga Abuja zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, har ya iso ƙofar gidan mai unguwa. Shawarar ba ta da aibi. Fargabarmu ita ce irin kwamitin da za a kafa mana da sunanta.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda a Najeriya. Masu zuƙar wiwi miliyan 10.6 ne, masu haɗiyar ƙwayoyi irin su tiramol miliyan 4.6, masu kwankwaɗar maganin tari miliyan 2.4. Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mata sama da mutum miliyan ɗaya. A cikin kowane mutum huɗu masu sha kuma, ɗaya mace ce. Duk wannan lissafi bai haɗa da giya da sigari ba.

To me ya kawo ƙaramar hukuma cikin zancen, alhali ba ta da 'yan sanda, ba ta da kurkuku? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna da rumfuna da gidajen abinci, ya kuma ba ta ikon bayar da lasisin sayar da giya da sa ido a kansa. Tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Duk wanda ya san yadda ƙwaya ke yawo ya san waɗannan wurare su ne hanyoyinta. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, uzurin “ba mu da ko sisi” ya fara rauni, ko da yake aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya.

Mun san yadda aka saba. A gayyaci hakimi da babban limami da DPO da wani Alhaji mai hannu da shuni, a kafa rumfa a harabar sakatariya, a rantsar da su, a raba lemo da ruwan roba, a ɗauki hoto. Daga ranar sai labari ya ɗauke, sai kuma ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, ta zagayo, a buga riguna da huluna, a yi tattaki daga sakatariya zuwa fadar hakimi, a watse. Mutanen nan masu daraja ne, babu mai musu, kuma idan babu su ba a shiga gari. Amma hakimi ba ya bin lungu da ƙarfe goman dare. Yaran da ke zaune a kangon bayan makarantar firamare, suna hango rawani za su ɓoye abin da ke hannunsu, su durƙusa su ce “ranka ya daɗe”, yana ba da baya su ci gaba daga inda suka tsaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya san kemis ɗin da ke rufe ƙofar gaba da ƙarfe tara, ya bar tagar baya a buɗe, shi ne mai shayin da teburinsa ke kallon shagon. Ɗan adaidaita sahu ya san inda ake sauke kwalaye da asuba, domin wataƙila shi aka ɗauka haya. Malamar Islamiyyar matan aure ta san ɗalibar da ta fara gyangyaɗi a aji, muryarta ta shaƙe, kullum da robar lemo a jaka wadda ba ta yarda kowa ya kurɓa. Ungozoma da mai kitso da mai ƙunshi suna shiga ɗakunan da ko mai unguwa ba ya shiga. Idan alƙaluma sun ce kashi ɗaya cikin huɗu na masu sha mata ne, kwamitin da maza zalla suka cika ya rufe ido ga rubu'in matsalar tun kafin ya yi zaman farko. Mace ɗaya da za a sa don cika sharaɗi, ta zauna a kujerar ƙarshe ba ta ce uffan ba, ba ta wadatar ba.

Akwai kuma mutumin da aka fi ƙyamar ba shi kujera, alhali ya fi kowa amfani: wanda ya sha, Allah ya shirye shi, ya daina. Shi ne zai gaya wa ciyaman cewa lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken da BBC ta yi, ba daina sha aka yi ba. Kwalba ta yi tsada, mai kuɗi ya ci gaba da saye a ɓoye, marar kuɗi ya koma kan roci da ekzol da tiramol, na ƙasa da shi ya koma sholisho da madarar sukudaye. Shi ya san sabon sunan da aka laƙaba wa kaya a wannan watan, da farashinsu, da dalilin da ya sa lebura ko mai tura baro ke haɗiyar ƙwaya da safe: yana neman ƙarfin aikin da cikinsa bai ba shi ba. Wannan ilimi ba a samun sa a taron bita na otal.

Sai dai a yi hattara da wani abu, domin nan ne ƙafa ke zamewa. Kwamitin shawara daban, 'yan sintiri daban. Ranar da masu ba da shawara suka ɗauki gora da tocila suka fara kame, suna aske kan yara a bainar jama'a, suna ɗaukar bidiyo suna watsawa a Facebook da TikTok, daga ranar babu uwar da za ta sake zuwa ta ce “ku taimake ni, ɗana ya lalace”. Za ta gwammace ta rufa wa kanta asiri, ta kulle shi a ɗaki. Kame aikin NDLEA ne da 'yan sanda, a jihohin da ke da Hisba kuma ita ma tana da nata hurumin. Lasisin kemis na hannun hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, ingancin magani kuma na hannun NAFDAC. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne ya ga abu, ya tantance, ya kai inda ya dace, ya kuma bi sawu har a yi wani abu.

Ba mu manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka ga irinsa a Daura. An yi ta la'antar masu gidajen, kuma abin da aka gani ya cancanci la'anta. Amma iyaye da yawa da ƙafarsu suka kai 'ya'yansu, har suna biyan kuɗin wata. Me ya kai su? Rashin wurin zuwa. Uban da ke ƙauye, ɗansa ya fara sayar da buhun hatsin gida yana zare wa ƙannensa wuƙa, idan ka hana shi gidan mari sai ka nuna masa wata ƙofa. Asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ga nisa ga kuɗin mota ga ƙarancin gado. Shaye-shayen da ya kama jiki ciwo ne, mai shi na buƙatar likita da magani da watanni ana bibiyar sa, kuma komawa ruwa bayan an daina abu ne da likitoci suka saba gani, ba dalilin yanke ƙauna ba ne.

Saboda haka idan kwamiti na neman shawarar farko da zai miƙa, ga ta a kusa: a horar da ma'aikaci ko da ɗaya ne a kowane asibitin mazaɓa, wanda zai iya zama da yaro ko matar aure a asirce, ya gane wanda nasiha da bibiya za su ishe shi, da wanda sai an tura babban asibiti. A ware ɗan abin da za a riƙa kai marasa hali. A kewaye makarantun firamaren da suka zama mashaya da dare, a sa musu maigadi da fitila. A kira masu kangwaye a ce su gina ko su toshe. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma.

Maganar giya kuwa, mu daina yi kamar ba ta shafe mu ba. Gaskiya ne Hisba na fasa kwalabe a Kano ana nunawa a talabijin, amma 'yar ƙaramar leda mai arha da ake sakawa a aljihu ta shiga tashoshin mota da dama, kuma ita ce NAFDAC ta ce ta haramta a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni. A ƙaramar hukuma irin Fagge, inda Sabon Gari yake, ko a garuruwan kudancin Kaduna da Filato inda ake dafa burkutu, kwamitin da babu fasto da shugabannin ƙabilu da matan coci a ciki, rabin gari kawai zai ji. Matar da miji ya shanye kuɗin cefane ya dawo ya lakaɗa mata duka, kukanta ɗaya ne ko wace alƙibla take kallo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kowa ya san lokacin da kasuwar ƙwaya ta fi ci a ƙasar nan: lokacin kamfe. 'Yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, ba da ruwan sanyi ake tara su a bayan motar ɗan takara ba. Kuma sau nawa aka kama dila da yamma, kafin sallar isha wani babba ya buga waya an sake shi? Wanda za a ba shawarar, wani lokacin yaransa ne maganar za ta faɗa wa. In ciyaman ne ya zaɓo 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya daga cikin 'yan jam'iyyarsa, kuma yana iya sallamar su ranar da ya ga dama, to wa zai buɗe baki ya ce masa “ranka ya daɗe, gidan da ake raba kayan nan na ɗan uwan kansilanka ne”? Shi ya sa muke ganin unguwanni da ƙungiyoyi su ya kamata su turo wakilansu, a yanka musu wa'adin da ba zai ƙare tare da na ciyaman ba. Kuɗin mota da na takarda a biya, domin ba a ce mai sa-kai ya ci bashi ba. Amma da zarar an mayar da kujerar ta alawus mai tsoka, masu neman na cefane za su ture masu kishin.

Muna da abin koyi a gida. Cutar shan inna ta gagari allura da kuɗin ƙasashen waje shekara da shekaru, musamman bayan dakatar da rigakafin da aka yi a Kano a 2003. Abin bai miƙe ba sai da aka jawo sarakuna da masu unguwanni da matan sa-kai masu bi gida-gida, kuma aka riƙa zama da yamma ana bitar aikin yini: gida nawa aka shiga, wa ya ƙi, wa zai koma gobe. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Abin da ya yi aiki a can shi ne rahoton ƙasa yana isa sama, kuma na sama ya san za a tambaye shi me ya yi da shi.

Haka muke so a yi a nan. Duk shawarar da kwamiti ya yanke a rubuta ta, ba tare da sunan wani yaro ko wata matar aure ba, a miƙa wa majalisar kansiloli, a karanta a zamanta. A ba ciyaman wata guda ya amsa a rubuce: wannan na karɓa, ga ranar farawa, wannan ban karɓa ba, ga dalili. A liƙa amsar a allon sakatariya, a aiko wa gidajen rediyo kwafi. Mu a nan, duk wadda ta iso mu za mu karanta ta a wannan fili, mu kuma faɗi sunan ƙaramar hukumar da wata ya cika ba ta ce komai ba.