Yadda aka ɗauki hoton molekul guda ta hanyar lalube

Masana kimiyyar sinadarai sun shafe fiye da shekara ɗari suna zana siffar molekul a kan allo, wato yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa su zama sinadari, ba tare da sun ga zanen nan a jikin molekul guda ɗaya tak ba. Dalili kuwa shi ne, tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali molekul ɗin da za mu duba bai kai nanomita 2 ba, saboda haka madubin ƙara girma na gilashi ba ya tsinana komai a nan.

A shekarar 2009, Leo Gross da abokan aikinsa a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurich a ƙasar Suwizalan, sun fitar da hoton wani molekul mai suna pentasin, wanda ya ƙunshi zarrar kabon 22 da ta haidurojin 14. A hoton ana ganin zobba biyar masu kusurwa shida a jere, daidai da yadda litattafai suka daɗe suna zana su.

Na'urar da suka yi amfani da ita, wadda ake kira AFM, ta fito tun 1986, kuma ba ta aiki da haske ko kaɗan. Wata allura ce mai matuƙar tsini da aka liƙa a jikin ɗan ƙaramin lu'ulu'u mai karkarwa, irin wanda ke cikin agogon hannu, tana bin saman molekul ɗin kamar mai lalube cikin duhu. Idan ta matso daf da wurin da ƙwayoyin lantarki suka yi cincirindo, sai su tunkuɗe ta, saurin karkarwar ya ɗan canza, kwamfuta kuma ta mayar da wannan canjin hoto.

Dabarar da ta kawo nasarar ita ce ta fi burgewa. Bakin allurar ƙarfe, duk tsininsa, yakan ja molekul ɗin ya gusar da shi, sai masanan suka ɗora molekul guda na iskar kabon monokzaid a bakin, ya zama shi ne ke yin laluben. An yi aikin a inda aka zuƙe iska ƙaf, cikin sanyin digiri 268 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos, domin ɗan ɗumi kaɗan ya isa ya sa komai ya motsa.

Amfanin wannan ya wuce kyan hoto. Tsofaffin hanyoyin awo suna buƙatar ɗimbin molekul iri ɗaya, sannan su ba da matsakaicin sakamako, wanda ba ya wadatarwa idan abin da ake bincike gauraye ne. A 2015 an yi amfani da AFM wajen duba asfaltin, baƙin sinadarin ɗanyen mai da ke toshe bututu, aka ga siffofin molekul ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. A 2019 kuma, da haɗin gwiwar masanan IBM da na Jami'ar Oxford, an haɗa zoben zarrar kabon 18 zalla a kan faifan na'urar, aka kuma ɗauki hotonsa.

Sai dai na'urar ta fi ƙwarewa a kan molekul mai shimfiɗaɗɗiyar siffa. Idan ya kasance dunƙulalle mai lunguna, kamar furotin, allurar samansa kawai take taɓawa, shi ya sa masu binciken furotin suka fi dogara ga madubin lantarki mai aiki da daskararren samfur, hanyar da ta samu kyautar Nobel a 2017.