Farar riga, zoben daimon, RSVP: wanne ne dole, wanne ne ado?

To jama'a, duk wanda ya fara shirin aure zai ga kalmomi sun yi masa rubdugu, wannan ya ce RSVP, wancan ya ce kawo kafin alƙalami, wata ta ce ai amarya sai da farar riga. Bari mu warware su, don yawancin abin da ake ce maka dole ɗin nan ba dole ba ne.

Da farko ka raba ɗaurin aure da liyafa. Ɗaurin aure shi ne ke mai da mutum biyu mata da miji a addini ko a doka, akwai yardar juna, akwai shaidu, a Musulunci kuma ga waliyyi ga sadaki. Liyafa kuwa taron ci da sha da murna ce, kuma ita ke lamushe kuɗin. A Faransa auren da doka ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, na coci ko masallaci sai dai ya biyo baya, saboda haka duk ƙasar da kake ka fara bincikar me dokarta ke nema kafin ka kama hol.

Sai farar riga. Wannan fa ba wata al'adar kaka da kakanni ba ce, Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta sa fara ranar aurenta da Yarima Albert a 1840, masu hali suka shiga kwaikwayonta, a hankali abin ya bazu. Kafin nan amaren Turai rigarsu mafi kyau kawai suke ɗaukowa ko wace kala ce. A Sin da Indiya ma ja ne kalar amarya.

Zoben daimon ya fi ba ni dariya. Eh, a 1477 Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy zoben baiko mai daimon, amma wannan harkar sarauta ce. Abin da ya sa talaka ma yake jin sai ya saya shi ne tallar kamfanin daimon na De Beers, wanda a 1947 ya fito da taken nan cewa daimon na har abada ne, kuma lissafin nan na wai sai ka zuba albashin wata biyu a zobe shi ma daga tallarsu ya fito, wato mai sayar da kayan ne ya yanka maka nawa za ka kashe. Hannun da ake sa zoben aure ma ba a taru a kan ɗaya ba, a Amurka da Ingila hagu, a Rasha da Jamus dama.

Yanzu ga waɗanda ke taɓa aljihu kai tsaye. RSVP daga Faransanci ne, roƙo ne cewa ka sanar ko za ka zo, kuma ba iyayi ba ne, masu abinci da kujeru da yawan kawuna suke lissafi, in ka ba su adadi to shi za ka biya ko da rabi ba su zo ba. Katin nan da ake turawa tun watanni kafin biki a ce a riƙe ranar, sanarwa ce kawai, gayyatar na tafe, amma duk wanda ka tura wa to ka riga ka gayyace shi ke nan.

Kafin alƙalami kuwa a nan ake kuka. Sau da yawa ba a mayarwa in an fasa, wasu ma ko ɗaga rana aka yi sai su ce a sake sabon biya. Don haka kafin ka tura ko sisi, a rubuta a takarda: awa nawa mai hoto zai yi, hoto nawa zai gyara ya ba ku kuma yaushe, ƙarfe nawa za a rufe hol, nawa ne kuɗin ƙarin awa, sannan in wanda ka biya ne bai zo ba me zai mayar maka.