Kiɗimar baƙo a ƙasar da ba tasa ba

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ɗalibai da ke wannan zaure, sannunku da zuwa.

Wanda ya sauka wata ƙasa karon farko, makonninsa na farko na murna ne. Komai ya gani sai ya ɗauki hoto, jirgin ƙasa, tituna, har fitilar kan hanya. Sai wata safiya ya tashi ransa a ɓace, alhali babu wanda ya taɓa shi. Ya haɗu da maƙwabcinsa a matattakalar bene, ya yi masa murmushi, mutumin ya kau da kai. Ya tsaya gaban injin sayar da tikiti, layi ya taru a bayansa, ya rasa maɓallin da zai danna, gumi na keto masa. Daren nan zai kira gida ya ce mutanen ƙasar nan ba su da kirki.

Wannan hali masana sun daɗe da saninsa. A 1954, wani masanin al'adun ɗan Adam haifaffen Kanada, Kalervo Oberg, ya yi wa matan baƙi mazauna Rio de Janeiro a Brazil lacca a kansa, aka buga ta a 1960. Ya ce tushen damuwar shi ne rasa ƙananan alamomin da mutum ya tashi da su: yaushe ake miƙa hannu, wace gayyata ce ta gaske, wace ce ta fatar baki. A gida ba ka tunaninsu. A can kuwa kowace sai ka tsaya ka lissafa, tun safe har dare, kuma wannan lissafin ne ke gajiyar da mutum. Dama an ce baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe.

Kada wani ya ɗauka rauni ne. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya bar Tanja ta ƙasar Maroko a 1325, ya ga duniya iya gani, amma da yake ba da labarin Sin, ya ce duk da kyanta ba ta kwanta masa ba, har yakan zauna a masauki sai lalura ta fitar da shi. To, ina ga ɗan shekara ashirin da aka tura karatu?

Abin da na fi so ku riƙe shi ne lokaci. A 1955 wani masani, Sverre Lysgaard, ya bincika 'yan Norway 200 da suka yi zaman karatu a Amurka. Waɗanda suka yi tsakanin wata 6 zuwa 18 su suka fi shan wahala, fiye da sababbin zuwa da waɗanda suka daɗe. Ba kowa ke bin wannan sahu daidai ba, amma ni ina roƙonku, a wannan tsakanin kada ku yanke wa ƙasar hukunci, kada kuma ku tattara kaya. Ku yi barci isasshe, ku koyi harshen ko da na gaisuwa ne, ku nemi ɗan ƙasa guda da za ku iya tambaya ba kunya.

Ku kuma iyaye, in yaro ya kira yana kuka, kada a ce masa ai wasu nema suke ba su samu ba. A saurare shi. Kuma ku shirya wa dawowarsa, don a 1963 wasu masana biyu, John da Jeanne Gullahorn, sun nuna cewa mai komawa gida ma yakan sake shiga irin wannan kiɗima, saboda shi ya canza, gidan ma bai tsaya jiransa ba.