Titin Zoo bayan tafiyar Shoprite

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wani gini ne da ke titin gidan Zoo a nan Kano, wato Ado Bayero Mall, wanda yawancin mutanen garin nan ba da wannan sunan suke kiransa ba, ko ɗan Adaidaita ka tare cewa za ka yi Shoprite za ka kai ni, kuma har gobe haka ake faɗa duk da cewa shi Shoprite ɗin ya naɗe kayansa ya bar wajen tun watan Janairun 2024.

Wanda bai ga wajen nan a shekarunsa na farko ba zai yi wuya ya gane abin da ya sa mutane suke maganarsa da kewa haka. A watan Maris na 2014 aka buɗe shi, lokacin Kwankwaso yana gwamna, aka sa masa sunan Mai martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah ya jiƙansa, wanda bai fi wata uku da buɗewar ba ya rasu a watan Yuni na wannan shekarar. To ku tuna fa wane irin hali Kano take ciki a lokacin. Harin Boko Haram na 20 ga Janairun 2012 bai bar zukatan mutane ba, an hana acaɓa tun 2013, ko'ina shingen jami'an tsaro ne, magariba na yi kowa ya kama hanyar gida, baƙi da yawa sun tattara sun koma garuruwansu, ana ta cewa ai Kano ta gama yawo babu mai kawo kuɗinsa nan kuma. A cikin wannan yanayin ne aka wayi gari ga katafaren mol, ga Shoprite a gefe ɗaya ga Game a ɗaya gefen, kamfanoni biyu na Afirka ta Kudu sun yarda sun zuba dukiyarsu a tsakiyar Kano. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, mutum sai ya ji ashe dai ba a fidda rai da garin nan ba.

Da ka zo bakin get za a tsayar da kai a buɗe but ɗin mota a leƙa ƙarƙashinta da madubi, masu ƙafa kuma a bi jikinsu da na'ura, mata layinsu daban maza daban, kuma ba ka jin mutane suna ƙorafi saboda kowa ya san dalili. Kana wuce ƙofar gilashin nan sanyin esi zai dake ka, musamman a watan Afrilu da rana take ƙona ƙeya, ka ga mutum ya tsaya cak ya sauke ajiyar zuciya kafin ma ya tuna abin da ya kawo shi. Sai kuma ƙamshin burodi. Duk wanda ya san wajen ya san layin burodin Shoprite, mutane tsaye suna jiran a fito da shi daga gashi, ma'aikaci ya turo shi da zafinsa har ledar tana yin gumi, kafin ka ce kwabo an wawashe, wani ya ɗauki biyu wani huɗu, wanda bai samu ba ya koma ya jingina ya jira zagaye na gaba. Alhaji da babbar riga da ɗan makaranta da mai gadi duk layi ɗaya, babu wanda zai ce a ba shi ta bayan fage don shi wane ne. Ni wannan layin yana cikin abubuwan da na fi tunawa, don a garin nan ba kasafai ake samun wajen da mai kuɗi da talaka suke tsayawa a jere ba in ba a sahun sallah ba.

Ranar Sallah kuwa ai sai wanda ya gani. Yara su fito daga gidan Zoo na Audu Bako su gangaro nan, 'yan mata da lalle da sababbin atamfofi, samari da shadda tana ƙyalli, mutanen Wudil da Bichi da Gwarzo da Rano har da na Jigawa da Katsina a cika mota a taho, titin ya cushe tun daga nesa. Uba ya ɗora ƙaramin ɗansa a cikin keken zuba kaya yana turawa, yaron yana ta dariya yana miƙa hannu kan duk abin da ya gani, uwar tana biye tana cewa kai ajiye ba namu ba ne, a ƙarshe abin da ke cikin keken bai wuce burodi ɗaya da lemon kwalba biyu da biskit ba, amma an zagaya ko'ina an ɗauki hoto an sa a Facebook, an koma gida ana ba da labari har sati. Masu neman aure ma sun samu wajen zance da ba zaure ba kuma ba lungu ba, waje ne a fili idon kowa na kai, a sayi askirim a zauna.

Sai sinima. Mu da muka ji labarin su Wapa da Plaza da Eldorado da Marhaba da Orion, muka kuma ga yadda suka mutu ɗaya bayan ɗaya da irin sunan da sinima ta yi a garin nan na wajen 'yan iska, da Filmhouse ta buɗe a cikin mol ɗin sai abin ya canja kama, magidanci ya iya ɗaukar matarsa su je kallo ba tare da an yi masa wani kallo ba, kuma 'yan Kannywood suka samu inda za su fara haska sabon fim su karɓi kuɗin tikiti a daidai lokacin da kasuwar faifan CD take rugujewa a hannun masu satar fasaha. Wannan kaɗai ya isa a yi wa wajen addu'a.

To me ya faru? Mutane da yawa in ka tambaye su sai su ce ai Kanawa ne ba sa son ci gaba, sun fi son ƙurar kasuwa. Ni ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan. Kanawa sun je, sun cika wajen maƙil, abin da ya gaza shi ne aljihu. Lokacin da aka buɗe mol ɗin nan dala ɗaya wajen naira 160 take, litar fetur naira 97. Aka shiga matsin tattalin arziki na 2016, aka rufe iyakoki a 2019, korona ta zo a 2020 aka kulle Kano gaba ɗaya, sannan ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin a je ko'ina a 2024 dala ta haura naira 1,500. Shi kuwa irin wannan kanti da yawa daga abin da ke kan kantarsa daga waje ake shigo da shi ko kuma da kayan waje ake haɗa shi, ga firji da esi da fitilu da ba a kashewa, in babu wuta sai janareto, dizal kuma tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi. Kuma da yawa daga cikin manyan mol-mol na ƙasar nan da bashin dala aka gina su, haya ma da dala ake lissafa ta, mai shago yana sayarwa da naira yana biya da lissafin dala, ina za a haɗu?

Shi ya sa ba Kano kaɗai abin ya shafa ba. Uwar kamfanin Shoprite da ta shigo Najeriya a 2005 ta fara da Legas, ita da kanta ta sayar da harkarta ta ƙasar nan ga 'yan kasuwar gida a 2021 ta tafi, sunan kawai aka ci gaba da amfani da shi. Game ta rufe shagunanta na Najeriya a ƙarshen 2022. Da sanarwar rufe reshen Kano ta fito a ƙarshen 2023, dalilin da suka bayar shi ne yanayin kasuwanci da halin kuɗin da shagon yake ciki, har mataimakin shugaban majalisar dattawa Sanata Barau Jibrin ya ce zai gana da su ko za su canja shawara, amma dai aka rufe. Iyayenmu ma sun ga irin wannan, su ne za su ba ka labarin Kingsway da Leventis da UTC, yadda ake zuwa a sayo kayan Ingila a cikin sanyi, sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, gwamnati ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, kantunan nan suka yi ta janyewa har aka neme su aka rasa.

Amma akwai wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Ko da aljihu bai karye ba, cefanen Bakano ba a kan kanta yake ba. Matar gida ta san mai kayan miyanta a 'Yankaba ko kasuwar Rimi, ta san zai yi mata gyara, maigida yana da mai shagon unguwa da zai ba shi shinkafa da mai ya rubuta a littafi sai ƙarshen wata, mai sari yana da Singa da Kantin Kwari da Dawanau da Sabon Gari, wayar hannu kuma Farm Centre. A can za ka taya a yi maka ragi, a ce albarka ka ƙara a ce kawo, ka sayi rabin kwano ko ma gwangwani ɗaya daidai ƙarfinka. A mol kuwa farashi a manne yake, kashiya ba ta san ka ba kuma ba ta da ikon ɗaga maka ƙafa ko da naira biyar. Ga kuma manyan kantuna irin su Sahad da Jifatu, 'yan gida da suka san abin da mutanenmu suke saya da lokacin da suke saye, sun san kayan azumi sun san kayan lefe. Saboda haka tun farko yawancinmu yawon buɗe ido muke zuwa yi, cefanen gaske yana can inda aka saba, kuma hoto da zagaye ba sa biyan kuɗin haya.

Wannan ne ma ainihin abin da yake damuna. Abin da muke kewa ba man gyaɗa ba ne ko madarar gwangwani, waɗannan ko yau ka fita za ka samu. Abin da muke kewa waje ne mai tsabta mai tsaro mai inuwa da banɗaki mai ruwa, inda talaka zai kai iyalinsa su yi awa biyu suna tafiya a natse babu mai yi musu hon babu mai korarsu. Gari mai miliyoyin mutane kamar Kano, ku ƙirga mini irin waɗannan wuraren nawa ne? Filayen da ya kamata a ce lambuna ne da wajen wasan yara mun ga yadda aka yanka su aka yi shaguna, har jikin makarantu da maƙabartu da badala ba a bari ba. Sai ya zama kamfani mai neman riba ne ya zo ya ba mu abin da hukuma ya kamata ta tanada, da ribar ta ƙare kuma ya tafi, kuma ba za ka zarge shi ba tunda ba sadaka ya zo yi ba.

Kada kuma a manta da waɗanda abincinsu yake wajen. Kashiyoyi da masu gasa burodi da masu shara da masu gadi, 'yan Adaidaitan da suke layi a bakin get, masu hoto, manoman da suke kai kayan lambu da ƙwai da kaji, da masu ƙananan shagunan ciki da suka kama haya saboda sun san jama'ar da babban kanti yake jawowa za ta bi ta ƙofarsu. Ranar da babban ya rufe su ma cinikinsu ya ja baya, don wanda ya zo sayen burodi shi ne yake tsayawa ya duba takalmi ko turare.

Ba ina cewa mol ɗin ya mutu ba ne, a'a, gini yana nan, akwai masu shaguna da suke ta ƙoƙari suna buɗewa kullum, Allah ya ba su kasuwa, kuma ya kamata mu riƙa leƙa su. Amma duk wanda ya san wajen a 2015 ya kuma shiga bayan tafiyar manyan kantunan nan biyu ya san akwai bambanci, kuma ni ina ganin kuskure ne a zauna ana jiran wani kamfanin waje ya zo ya maido da abin da ya wuce. Garin da yake da masu ɗinki da masu turaren wuta da majema da marina da masu kilishi da 'yan matan da suke sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram daga ɗakunan iyayensu ba su da inda kwastoma zai zo ya gani da idonsa, bai kamata a ce fili irin wannan yana neman mai shiga ba. A yanka manyan wuraren a yi ƙanana, a sa haya da naira daidai abin da ɗan kasuwar Kano zai iya biya, a bar shi ya biya wata-wata in shekara ta yi masa nauyi, a duba maganar sola don a rage kuɗin dizal, sinima kuma a sa tikitin da ɗalibi zai iya saya. Ita kuma gwamnatin jiha ga filin baje-koli nan kusa ga gidan Zoo duk a titi ɗaya, in aka gyara su aka haɗa tafiyarsu da ta mol ɗin, iyali za su iya wuni a titin nan kamar yadda ake yi a da. Masu wajen da ma'aikatar kasuwanci da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA duk a garin nan suke, zama ɗaya ya ishe su su fara wannan maganar, kuma muna roƙonsu don Allah su yi zaman kafin wata Sallar ta zagayo.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba, wassalamu alaikum.