Ka Kama Kifi a Tsakiyar Teku, Ka Soya, Ka Kwanta Ciwo: Ina Aka Kuskure?

[Hoto: bayan jirgi, igiya tana jan ruwa, gari ya fara wayewa]

Jama'a, barkanku da warhaka. Tun da bidiyoyin masu tsallaka teku da jirgin iska suka fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ake ta jefo mana. Mutum ya kama kifi da hannunsa, a tsakiyar teku inda ruwa yake garau, ya soya shi ya soyu sarai, amma kafin ya gama suɗar yatsu fuska ta yi ja wur, kai na sara, zuciya na dukan uku-uku. Me ya faru? Amsar da aka fi bayarwa ita ce, ai bai dahu ba ne. To, ya dahu. Ko da ya ƙone ƙurmus ba za ta sake zane ba. Za mu zo wurin, amma bari mu kama kifin tukuna.

[Hoto: hannu yana warware igiya]

Kamun ba shi da wani sirri. Ga igiya mai kauri, ga ƙugiya, ga wannan roba mai launi da geza da ke wutsil-wutsil a saman ruwa kamar ƙaramin abu mai gudun ceton rai. Ka sake ta a bayan jirgi, ka ɗaure, ka ci gaba da harkarka. Gudun da jirgin iska ke yi a tafiyarsa ta yau da kullum, mil biyar zuwa takwas na ruwa a awa, shi ne daidai gudun da manyan kifayen nan ke so su bi. Kun ga wannan baƙar robar mai talewa da aka haɗa da igiyar? Ita ke shanye fizgar farko, in babu ita igiya ta tsinke. A sa safar hannu, kuma kada a kuskura a naɗe igiyar a yatsa ko a tsintsiyar hannu. Kifi mai kilo talatin ba ya neman izini kafin ya ja.

Masu zuwa yawanci su uku ne. Tuna, ga ta nan. Mahi-mahi, wanda wasu ke kira dorado, mai kore da ruwan zinare, ku kalli yadda launin ke dusashewa yana mutuwa. Sai wahoo mai haƙora kamar reza, shi sai da waya a bakin ƙugiya. In kuwa a Tekun Atlantika kake, tun daga wajejen 2011 akwai na huɗu, ciyawar sargassum, wadda za ka yi ta jawowa kana cirewa har ka fara magana da ita.

[Hoto: kifi ya faɗo cikin jirgi, ana ihu, ana ɗaga waya]

Tsaya nan. Mai haɗa hoto, daskarar mana da wannan wurin.

Wannan mintin da kuke gani, da waɗanda ke biye da shi, su ne duk labarin. An ɗaga kifi, an yi hoto, wannan ya ce a sake don idonsa a rufe yake, wancan ya tafi neman ma'auni. Sai iska ta juya, kowa ya ruga gyaran jirgi, aka bar kifi kwance a rana da niyyar a gyara shi in an jima.

Naman tuna da mahi-mahi da dangin makarel yana ɗauke da wani sinadari mai yawa da ake kira histidin. Shi kansa ba ya cutar da kowa. Amma a fatar kifin da cikin hanjinsa da jajayen kunnuwan nan da yake numfashi da su, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune tun yana raye. Yana mutuwa, sai su sami ƙofa a buɗe su bazu cikin nama. In akwai ɗumi, su hayayyafa, su riƙa mayar da histidin zuwa histamin. Histamin kuwa shi ne abin da jikin mutum ke saki lokacin borin jini. Wato kifin ya haɗa maka borin jini tun a cikin namansa, kai kawai haɗiyewa za ka yi.

Ga inda ake ruɗewa. Wuta tana kashe bakteriya, gaskiya ne. Amma histamin ba abu mai rai ba ne da za a ce a kashe shi. Tafasa ba ta rusa shi, suya ba ta rusa shi, haka hayaƙi, haka daskararwa, har kifin gwangwani ana samunsa a ciki in an yi sakaci kafin a rufe gwangwanin. Duk wutar da za ka ƙara da yamma, ihu ne bayan hari.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, ba ya ba da sanarwa. Kifin yana iya zama babu wari, nama fes, ido garau. Wani lokaci dai za ka ji harshe yana zugi kamar an sa yaji alhali ba a sa ba, ko ka ji ɗanɗanon ƙarfe. In ka ji haka, ajiye cokali.

[Hoto: ma'aunin zafi an soka a tsokar tuna]

Ku dubi lambar nan. Tuna tana da wani hali da yawancin kifaye ba su da shi: tana iya riƙe ɗumin jikinta sama da na ruwan da take ciki. Ga kuma kokawar da ta sha a igiya, tsoka ta ƙara zafi. Don haka in ta hau jirgi da zafinta take hawa, kuma kaurin jikinta yana riƙe zafin kamar filas. Ka tura ta ɗungurungum cikin ƙaramin firijin jirgi, fata ta yi sanyi, kai ka saki jiki, can kusa da ƙashi kuwa aiki na ta gudana. Wani abin kuma, da zarar bakteriyar sun riga sun saki sinadarin da ke yin wannan juyi, yana iya ci gaba da aikinsa a hankali ko a cikin firijin.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gindaya wa masu kamun kifi na kasuwa iyaka. Inda zafin iska ko na ruwa ya haura digiri 28.3 a ma'aunin Celsius, kifi ya shiga ƙanƙara kafin awa shida da mutuwarsa. Inda bai kai haka ba, awa tara. Sanyin da ake nema shi ne digiri 4.4 ko ƙasa. Ku lura, wannan ita ce iyakar ƙarshe, kuma ana ƙirgawa ne daga mutuwar kifin. Wanda ya bar igiya a ruwa ya shiga ciki ya yi barci, kifi ya kama ya mutu jirgi na jan gawarsa cikin ruwa mai ɗumi, bai ma san ƙarfe nawa agogon ya fara ba. Ni a ganina, kifin da ka jawo ya riga ya sandare, mayar wa teku kayanta.

[Hoto: hannaye kusa-kusa, wuƙa, bokiti]

To ga yadda ake yi, ku bi hannun da ido. Da farko a kashe shi nan take, kada a bar shi yana ta bugun katako. Masunta a Japan suna da hanyar da suke kira ikejime: tsinken ƙarfe a soka a ƙwaƙwalwa, can sama kaɗan da bayan ido. Kun ga ya yi wata girgiza ɗaya, baki ya saki. Shi ke nan. Sai zubar da jini tun zuciya ba ta gama tsayawa ba. A tuna, ɗan yanka ne mara zurfi a bayan fiffiken gefe, hagu da dama, ko a yanke kunnuwan. Kai ƙasa, wutsiya sama, cikin bokitin ruwan teku. Wasu suna ɗaure wutsiya su saka shi a ruwa ta bayan jirgi ya wanke kansa, sai dai fa kifin shak ma yana jin wannan gayyata.

Bayan 'yan mintoci a farke ciki, a fitar da hanji da kunnuwan gaba ɗaya, don nan ne matattarar bakteriyar. A ɗauraye da ruwan teku. In akwai ƙanƙara, a haɗa ta da ruwan teku a cikin kula, kashi biyu ƙanƙara, ɗaya ruwa, a nutsar da kifin har cikinsa ya cika. Wannan haɗin ya fi busasshiyar ƙanƙara saurin zuƙe zafi, saboda yana taɓa ko'ina. In babu ƙanƙara sai firiji, a yanka naman fale-fale, a tsane shi da tsumma mai tsabta, a sa a leda, a baje, kada a tara shi tsibi ɗaya. Bayan nan, Malam, yi hotonka da kan kifin, ba inda zai je.

In kuwa jirgin ba shi da firiji kwata-kwata, lissafin mai sauƙi ne. Ka saka igiya lokacin da tukunya ta kusa hawa wuta, ka yi amfani da ƙaramar roba don ƙaramin kifi ya zo, ka ci a take. Kun samu na yau, a naɗe igiya. Mutum biyu da tuna mai kilo arba'in, wannan ba sa'a ba ce, ɗawainiya ce.

Wanda abin ya riga ya kama fa? Alamun kan zo da wuri, daga 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu: ja a fuska da wuya da ƙirji, ƙaiƙayi, ciwon kai, bugun zuciya, wani lokaci amai da gudawa. Maganin borin jini, wato antihistamin, yana taimakawa, kuma yawanci kafin kwana ɗaya an warware. Masu asma da masu shan isoniazid, wani maganin tarin fuka, ya fi yi musu tsanani. Numfashi ya fara wuya ko mutum yana neman suma, a ɗauki rediyo a nemi likita. Kuma in mutum uku suka ci kifi ɗaya duk suka yi ja, ba su ne suka wayi gari jikinsu ba ya son kifi ba, matsalar daga kifin take.

Masu son cinsa ɗanye, a gurguje: akwai tsutsar anisakis, kuma lemon tsami ba ya kashe ta. Sai dahuwa ta kai digiri 63 a tsakiya, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili har kwana bakwai, abin da yawancin firijin jirgi ba sa iyawa.

[Hoto: jirgi ya tsaya kusa da tsibiri, ruwa shuɗi]

A nan hotunanmu sun ƙare, don abin da ya rage kyamara ba ta ganinsa, sai ku yi haƙuri da kallon ruwa. Akwai guba ta biyu, ciguatera, wadda ita ko ƙanƙarar ba ta hana ta, domin kifin da ita yake yawo tun yana raye. Asalinta wasu ƙananan halittu ne da ke manne da ciyayin duwatsun murjani a tekuna masu ɗumi, kamar Karibiyan da Pasifik da Tekun Indiya. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, gubar tana taruwa tana hawa. Kifaye irin su barakuda, manyan gurufa (grouper) da amberjack su ne aka fi kuka da su, musamman hanta da kai da ƙwai. A 1774 mutanen Kyaftin James Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, sun ci irin wannan kifi a tsibiran da yau ake kira Vanuatu, suka kwanta kwanaki, har wasu dabbobin jirgin da suka ci ragowar suka mutu. Alamarta mai ban mamaki ita ce ka taɓa ruwan sanyi ka ji kamar ya ƙona ka, wasu kuma su ji kamar haƙoransu na girgiɗi, kuma tana iya jan makonni ko watanni. Gwajin da ake yaɗawa, wai ƙuda ba ya sauka a kan mai guba, ko wai azurfa tana baƙi, kada ka jingina ranka da su. Jirgi ya doso murjani, naɗe igiyarka, in kun sauka ka tambayi masuntan wurin wane kifi suke ci, kuma daga wane gefen tsibirin suke kamo shi.