Darasi: Yadda Ake Gwada Tsohon Lens Mai Zum, Vivitar Series 1 70-210mm

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto, barkanmu da warhaka. Yau ga lens ɗin Vivitar Series 1 a hannuna, 70-210mm, f/3.5. Lambar f ita ce faɗin ƙofar da haske ke shiga: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Na riga na ɗaura shi a kan kyamarar Sony da adafta, wannan kam kowa ya iya.

Ku fara da lambar da ke zagaye da bakinsa. Vivitar ba su ke ƙerawa da kansu ba, kamfanonin Japan suke ba wa aikin. In lambar ta fara da 22, Kiron ne, shi ne na farko, na wajajen 1975, bakinsa 67mm. In 37 ce, Tokina. In 28 ce, Komine, shi kuma f/2.8-4 ne. Nawa 22 ne. Mai saidawa zai ce maka duk ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne.

Ɗauke shi ka ji. Ƙarfe ne da gilashi, ya kusa kilo guda. Zobe ɗaya ke yin aiki biyu: ka tura ko ka ja, zum ke nan, ka murza, fokas. Ni ina son haka don hannun hagu ba ya barin wurinsa. Amma ku duba nan, na kifa bakinsa ƙasa... kun gani? Zoben yana zamewa da kansa. In a hankali yake sauka, ba komai, tsufa ne. In ya faɗi tim lokaci guda, ka nemi ragi.

Yanzu a cire shi a haska tocila ta baya. A'a, tsaya, a buɗe shi zuwa f/3.5 tukuna, in ba haka ba ba abin da za a gani. Yauwa. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto, mu da muke shan hunturu kowace shekara ba za mu guje mata ba. Abin tsoro shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashi, sai kuma hazo. Sannan ka murza zuwa f/22 ka dubi faifayen da ke rufe haske. Su kasance a bushe. In suna ƙyalli, mai ne ya malalo, kuma za su riƙa jinkirin rufewa.

Makro, wato ɗaukar abu daga kusa sosai, shi ne wurin da nake so ku natsu. Ba a shiga daga ko'ina. Kai zum 210 tukuna, har ya tsaya. Danna wannan ɗan maɓallin, riƙe shi, sannan ka juya zoben makro. In ya ƙi, kada ka sa ƙarfi, don Allah kada ka sa ƙarfi, zum ɗin ne bai kai ƙarshe ba. Koma ka kai shi. Da ka shiga, turawa da ja su ne fokas ɗinka. Ga zanen hular nan, dubi zaren ɗaya-ɗaya. Yana kai 1:2.2, wato abu ya fito a sensa kusan rabin girmansa na gaske, lens mai shekara hamsin fa!

Sai hoto. Kada ka gwada a 70mm ka ce ya yi, yawancin zum suna da kyau a nan. Je ka 210, f/3.5, ka ɗauki farin abu cikin rana. Kun ga gefen farar rigar nan, akwai ɗan layi mai ruwan shuni, hoton kuma ya yi taushi. Na rufe zuwa f/5.6... ya ragu sosai. A f/8 sai ka ƙirga ɗinkin aljihu. Taushin nan na f/3.5 ni ban ƙi shi ba, a fuskar amarya yana lulluɓe fata fiye da abin da za ka yi a kwamfuta.

Ba ya hana rawar hannu, saboda haka a 210 kada saurin shata ya yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa. In kyamararka mai ƙaramin sensa ce, 1/400.

Biki mai guje-guje, ka ɗauki mai fokas da kansa. Amma zaman hoto, ko bidiyon da kake da lokaci, wannan zai fitar da kai. Akwai guda biyu a shago, ɗaya mai mahaɗin Canon FD, ɗaya mai mahaɗin Nikon. Ka zo da kyamararka da tocilarka ka gwada kafin mu yi ciniki.